Turancin Littafi da Turancin Baki

  

Tun da muka fara zagaya azuzuwan ƙauyuka, akwai tambaya guda wadda kusan kowane aji sai an yi mana ita. Ga ta: "Malam, mun iya karatun Hausa, har mun fara tsintar Turanci a littafi. Amma in wani ya tsaya gabanmu ya yi mana Turanci, sai mu ji kamar ruwan sama a kan kwano. In mun buɗe baki za mu amsa kuma, sai harshe ya yi nauyi. Ina dabara?" Wannan tambaya ita za mu amsa yau. Ku gyara zama, ku kasa kunne.

Da farko bari mu ga abin da ya sa maganar ta shafe mu. Turanci shi ne harshen da a ke aikin gwamnati da shi a Nijeriya, hakanan kuma a Gana, inda 'yan'uwanmu da yawa su ke zaune a zango-zango. Tun shekarar 1973 gwamnati ta ke aika samari da 'yammata da suka gama karatu mai zurfi su yi bautar ƙasa ta shekara guda a wata jiha wadda ba tasu ba. Saboda haka likitan da za ki tarar a asibiti ran da yaronki ya kwana da zazzaɓi, mai yiwuwa ne mutumin Inugu ne ko na Badun, bai san ko "zo" da Hausa ba. Waɗansunku kuma su kan kai shanu, ko albasa, ko wake Kurmi. Waɗansu su kan tafi cin rani Ikko, watau Legas, ko Fatakwal. Ba kullum a ke samun tafinta ba. In ma an samu, ko mai gaskiya ne, ba shi ke jin zafin ciwonka ba, ba kuma kuɗinsa a ke ciniki a kai ba.

Turanci iri biyu ne

Ku tuna yadda mu ke yi da Hausarmu. In za ka rubuta wa Hakimi takarda, sai ka fara da gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ka jera magana daki-daki. Amma in ƙanenka za ka kira, "Kai, zo nan!" ta isa. Duka biyu Hausa ce, kowacce da wurinta. To, Turanci ma haka ya ke. Akwai na littafi da ofis, akwai na baki, wanda a ke ciniki da shi, a ke hira, a ke tambayar hanya. Littafin makaranta ya fi koya mana na fari. Mutanen da mu ke gamuwa da su kuwa na biyun su ke yi. Shi ya sa kunnenmu ya ke ruɗewa.

Babban abin da ya raba su shi ne taƙaitawa. Mu ma muna yi. Wa ya ke cewa "za ni tafi" kullum? "Zan tafi" mu ke cewa. "Ya yi" ta kan koma "yai" a baki, "wurin" ta koma "gun". Baƙon da ya koyi Hausa a littafi, in ya ji an ce "yai gun sarki", sai ya tsaya yana zare ido.

Haka masu Turanci su ke haɗiye nasu. Littafi ya ce "I am", baki ya ce "I'm". Littafi ya ce "do not", baki ya ce "don't". "Cannot" ta zama "can't", "I will" ta zama "I'll", "what is" ta zama "what's". In mutum zai ce bai sani ba, a littafi kalmomi huɗu ne, "I do not know". A baki kuwa abin da kunnenka zai ji kamar kalma ɗaya ce, "aidonno". Mutanen Amurka sun fi kowa wannan, har "going to" ta kan koma "gona" a bakinsu. Ba lalle ne ku riƙa faɗin wannan ta ƙarshe ba, amma ku san ta, don in kun ji ku gane.

Wanda ya ce "I do not know" bai yi kuskure ba. Sai dai maganarsa za ta fito kamar ana karanta sanarwa, wani lokaci ma a zaci fushi ya ke yi.

Kunne kafin baki

Ku dubi 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu suka zauna a Sabon Gari na Kano ko na Zariya. Da yawansu Hausa ta zauna a bakinsu, har da karin magana. Wa ya ba su allo? Ba kowa. Sun zauna a rumfa, sun saurara. Abin da suka fara kamawa shi ne "Nawa ne?" da "Rage mini" da "Albarka" da "Sai gobe". Ba su tsaya tambayar wace ce suna wace ce aikatau ba. Sun ɗauki maganar ɗungurungum, suka yi ta maimaitawa har ta bi jiki. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, haka suka koyi harsunan hanya. Yaron goye ma haka ya ke koyon harshen uwarsa: ya daɗe yana ji kafin ya ce uffan.

Wannan ita ce dabarar da mu ke so ku riƙe yau, ko da kun manta da sauran. Kada ku tara kalmomi ɗai-ɗai kamar tsakuwa. Ku ɗauki gajeriyar magana cikakkiya, ku san inda a ke faɗinta, ku yi ta faɗi har ta fito ba tare da tunani ba. Ga waɗansu da za ku fara da su. Malaminku zai faɗa, ku amsa:

"Excuse me." Gafara dai, ko kuwa in kana so mutum ya saurare ka.
"How much is it?" Nawa ne?
"That's too much." Ya yi tsada.
"Where's the motor park?" Ina tashar mota?
"I don't understand." Ban gane ba.
"Please speak slowly." Don Allah yi magana sannu-sannu.
"Can you say that again?" Sake faɗi in ji.
"What does it mean?" Mene ne ma'anarsa?

Ku lura da huɗun ƙarshe. Su ne mabuɗan sauran duka, gama da su za ka mai da kowane mai Turanci ya zama malaminka. Matambayi ba ya ɓata.

Gaisuwa

Gaisuwarmu doguwa ce. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina aiki, ina ruwa. Wanda ya gajarta ta sai mu ce ba shi da tarbiyya. Gaisuwar Turanci kuwa gajeriya ce ƙwarai. Da safe "Good morning", bayan rana ta yi tsaka "Good afternoon", da maraice "Good evening". Tsakanin abokai "Hello" ko "Hi" ta isa. In mutum ya gaishe ka haka ya wuce, kada ka ce ya raina ka. Iyakar gaisuwarsu ke nan.

In an ce maka "How are you?" sai ka ce "Fine, thanks. And you?" Shi ke nan. Ba labarin ciwon bayanka a ke tambaya ba. Daidai ta ke da "Ina gajiya?" tamu. Ko ka wuni kana huɗa, "Ba gajiya" za ka ce. Amma in likita ne ya tambaye ka a ɗakin duba marasa lafiya, wannan tambaya ce ta gaske, sai ka faɗi abin da ke damunka.

Ga wani wuri da a kan yi tuntuɓe. "Good night" ba gaisuwar isowa ba ce, sallama ce, watau "sai da safe". In ka shiga gidan mutum da dare ka ce masa "Good night", ka yi ban kwana ke nan tun ba ka zauna ba. Ko da ƙarfe goma na dare ka iso, "Good evening" za ka ce.

Sai kalmar nan tamu mai daɗi, "sannu". Turanci ba shi da kalma guda da ta ɗauki aikinta duka. A nan Nijeriya mun saba ce wa mai aiki "Well done", mu ce wa wanda ya yi tuntuɓe "Sorry", kowa kuwa ya gane. Amma mutumin Ingila in ya ji "Well done" sai ya ɗauka yabonsa a ke yi don ya gama aiki da kyau. In wani ya faɗi a gabansa, abin da ya fi faɗi shi ne "Are you all right?" Ku san duka biyu, ku dubi wanda ku ke magana da shi.

Roƙo da ladabi

Da Hausa in ka ce "Baba, ba ni ruwa," ba ka yi laifi ba. Ladabin yana cikin "Baba", da sassauta murya, da russunawa. In ka juya wannan kai tsaye ka ce "Give me water", a kunnen mai Turanci umurni ka bayar, kamar maigida da bara. Sai ka ga fuskarsa ta canja, kai kuwa ba ka san abin da ka yi ba.

Su ladabinsu a cikin ginin maganar ya ke. Su kan mai da roƙo ya zama tambaya. "Can I have some water, please?" Watau, ko zan sami ruwa? "Could you help me, please?" Ko za ka taimake ni? Ku riƙe kawunan nan biyu, "Can I have" da "Could you", ku riƙa sauya abin da ke biye. Yau ruwa, gobe tikiti, jibi rasit. Kalmar "please" da "thank you" kuwa kamar gishiri su ke a miya. In an gode maka sai ka ce "You're welcome", ko "No problem", watau ba kome.

Kada a juya kalma-kalma

Yawancin kuskurenmu daga nan ya ke fitowa. Mutum ya shirya magana da Hausa a zuci, sa'an nan ya riƙa ɗauko kowace kalma yana neman 'yar'uwarta. Harsuna kuwa ba su yanka nama a gaɓa ɗaya ba.

Ku dubi "sha". Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan lemo, wani yana shan taba, wani yana shan wahala. Kalma ɗaya ta ɗauke su duka. A Turanci ruwa ne a ke "drink". Ƙwayar magani "take" a ke yi, lemon ɓarewa "eat", taba "smoke". Ku dubi "ji" kuma. Muna jin magana, muna jin yunwa, muna jin ƙanshi, muna jin Hausa. A Turanci "hear" ta kunne ce kaɗai. Mai jin yunwa "I'm hungry" zai ce, mai jin sanyi "I'm cold". In ka ci jarrabawa, "I passed" za ka ce. Ka ce "I ate", sai a tambaye ka ko takardar ta yi daɗi.

Hakanan "Ina zuwa". Mu mu kan faɗe ta muna juya baya za mu fita. A Nijeriya an saba da "I'm coming" a wannan wuri. Baƙo kuwa sai ya yi mamaki, ga mutum yana tafiya yana cewa yana zuwa. Abin da zai gane shi ne "I'll be right back", ko "Just a minute".

Yanzu ga wadda ta fi duka hatsari. Ku buɗe kunne da kyau. Wani dattijo cikin ɗalibanmu ya koma asibiti bayan mako guda, jikin bai yi sauƙi ba. Ƙwayoyin da aka ba shi kuwa bai sha ba, domin ya manta da su a aljihun wata riga. Likita ya tambaye shi, "Didn't you take the medicine, Baba?" Watau, ba ka sha maganin ba? Dattijo ya gane tambayar sarai. Ya amsa yadda Bahaushe ya ke amsawa, "I, ban sha ba," sai dai da Turanci ya faɗa, ya ce "Yes." Likita ya ɗauka ya sha bai yi masa aiki ba, ya jawo takarda zai rubuta wani wanda ya fi ƙarfi. Allah ya sa wata ma'aikaciya mai jin Hausa tana kusa. Ta ce, "Baba, ka sha ko ba ka sha ba?" Ya ce, "'Yata, ai na gaya masa ban sha ba."

Kun ga inda gizo ya ke saƙa? Mu "i" ɗinmu tana gaskata maganar mai tambaya. Su kuwa "yes" tana nufin an yi abin, "no" tana nufin ba a yi ba, ko ta yaya aka juya tambayar. Maganin wannan mai sauƙi ne. Kada ku amsa da kalma ɗaya. In ka yi, ka ce "Yes, I did." In ba ka yi ba, ka ce "No, I didn't."

Tun da muna asibiti, iyayenmu mata, ga naku. "My child has a fever," yarona yana zazzaɓi. "Since yesterday," tun jiya. "How many times a day?" sau nawa a rana? "Before food or after food?" kafin abinci ko bayansa? Ku kuma san amsar da za a ba ku. "Once" sau ɗaya, "twice" sau biyu, "three times" sau uku. In an faɗa, ki ɗaga yatsu ki nuna, don a tabbatar kin ji daidai.

Gyaran baki

Kun riga kun san Turanci fiye da yadda ku ke zato. Mota, tebur, bokiti, burodi, direba, famfo, fenti, asibiti, kananzir, duk daga Turanci muka aro su. Kwabo ma, wanda a ke ƙidaya ɗari a naira tun da aka sake kuɗi a 1973, asalinsa kalmarsu ce ta jan ƙarfe. Amma da muka aro sai muka yi musu kaciya irin tamu. In kun lura da irin gyaran da muka yi musu, za ku gane inda bakinmu ya ke zamewa.

Na ɗaya, Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, ba ta kuma cika son kalma ta ƙare da baƙi ba. Shi ya sa "bread" ta zama burodi, "bucket" ta zama bokiti. In Turanci za ka yi, sai ka cire abin da muka ƙara. Ka tsaya cak a kan baƙin ƙarshe.

Na biyu, "p" da "f". A Hausa ba mu raba su ba, shi ya sa "pump" ta zama famfo. A Turanci kuwa su kan raba ma'ana. "Pan" kasko ne, "fan" fanka ce. "Pull" ja ne, "full" cikakke. "Pool" tafki ne, "fool" wawa, kun ga nan kuskure zai iya jawo faɗa. In za ka ce "p", haɗa leɓɓa biyu ka rufe, sa'an nan ka sake su iska ta fashe. In za ka ce "f", ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka hura. Riƙe gashin kaza a gaban bakinka. A "p" zai yi tsalle sau ɗaya, a "f" zai yi ta kaɗawa.

Na uku, "v". Mu mun mai da ita "b", shi ya sa mu ke cewa direba. Yadda ka yi "f" haka za ka yi ta, haƙora a kan leɓe, sai dai ka sa murya. "Vote" ƙuri'a ce, "boat" jirgin ruwa.

Na huɗu, "th". Mu kan mai da ita "s" ko "z". Sa kan harshenka tsakanin haƙora ka hura. "Think" tunani ne, "sink" nutsewa. Wannan ta fi wuya, amma ko ba ta fito sosai ba a kan gane ka, kada ta hana ka barci.

Na biyar shi ne wanda ya shafi aljihu. Da Hausa, jan wasali shi ke raba garin da a ke zama da garin da a ke tuwo. Turanci kuwa nauyi ya ke ɗorawa a kan gaɓa ɗaya ta kalma. "Fifty", hamsin, nauyinta a gaba ya ke, ƙarshenta gajere. "Fifteen", goma sha biyar, ƙarshenta a ke ja, a rufe da "n". Haka "thirty" da "thirteen", haka "forty" da "fourteen", har zuwa "ninety" da "nineteen". Wani ɗalibinmu ya kai rago kasuwa a Kurmi, yana nufin naira dubu hamsin, mai saye ya ji dubu goma sha biyar. Aka ƙirga kuɗi, aka kama igiya, sai rigima ta tashi, kowa yana rantsuwa, kowa kuwa gaskiyarsa ya ke faɗi. Don haka in ciniki ya faɗa, ka bi da lambobin ɗai-ɗai: "five zero" ko "one five". In da hali, rubuta a ƙasa ko a kan wayarka ya gani. Ga amfanin karatun da ku ke yi.

Buroka fa?

Wani zai ce, "Malam, ni a tasha 'How far?' na ke ji, da 'Wetin?' da 'Abeg'." Wannan Buroka ce. Kada ku raina ta. Harshe ce mai ƙa'idarta, miliyoyin mutane suna yin ta, har BBC, wadda ta fara watsa labarai da Hausa a 1957, ta buɗe sashen Buroka a 2017. A tasha da kasuwannin Kudu ita ta fi saurin biyan bukata, kuma ta fi sauƙin kamawa. Amma ku san ta dabam, Turanci dabam. Ba a rubuta takardar neman aiki da ita, ba a amsa jarrabawa da ita, baƙon da ya zo daga wata ƙasa mai nisa kuma ba lalle ya gane ta ba. Rigar gona da rigar Salla duk riguna ne, mai hankali ya san ranar kowacce.

Kunya

Mun bar babban abokin gaba sai ƙarshe. Abin da ya fi hana mutanenmu magana shi ne tsoron dariya. Magidanci mai iyali ba ya so yara su ji ya yi kuskure. To, ku tuna Turawan da suka yi mulki a ƙasar nan. An wajabta wa jami'ansu cin jarrabawar Hausa, suka yi ta kiran mace "kai", suna kiran namiji "ke". An yi dariya a ɓoye, amma ba su fasa ba, har waɗansunsu suka rubuta ƙamus. Ku kuma nan Turanci ya yi muku rangwame: "you" ɗaya ta ɗauke kai, da ke, da ku.

Ku tuna Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a 1912, a makarantar ƙauye ya fara, sa'an nan Bauci, sa'an nan Kwalejin Katsina. Ba da Turanci aka yi masa goyo ba. Amma ya zama Firayim Minista a 1957, ya tsaya gaban majalisar Amurka a 1961 ya yi jawabi, har a ke yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Duk da haka bai yar da Hausa ba, da ita ya rubuta littafinsa Shaihu Umar. Koyon harshen wani ba ya rage naka.

Kada kuma ku wahal da kanku kuna maƙale murya don ku yi kama da mutumin London. Mutumin Indiya da irin nasa Turancin, na Amurka da nasa, na Gana da nasa. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Har babban ƙamus na Turanci da a ke shiryawa a Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29 a shekarar 2020, cikinsu har da "okada" da "Kannywood". Abin da a ke bukata shi ne a gane ka ba wahala, kai ma ka gane, maganarka kuma ta fito da ladabi. Dattawa, gemu ba ya hana ilmi.

Aikin wannan mako

Ga abin da mu ke so kowa ya yi kafin mu sake haɗuwa.

1. Kowace rana ka saurari Turanci na minti 15, a rediyo ko a waya. Labarai sun fi, musamman in ka riga ka ji su da Hausa, gama ka san abin da a ke magana a kai. Ko ba ka gane duka ba, bar kunne ya saba.

2. Kowace rana ka ɗauki magana ɗaya cikin waɗanda muka bayar, ka faɗe ta da ƙarfi sau 20. A gona, a bakin rijiya, wajen daka, duk ɗaya ne. Masara ba ta dariya.

3. Ku kasu biyu-biyu. Yau ɗaya mai saye ɗaya mai sayarwa, gobe ɗaya likita ɗaya majinyaci. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariyar raini, shi zai share aji.

4. In akwai ɗan bautar ƙasa ko wani baƙo a garinku, ku yi musaya da shi. Ku koya masa gaisuwar Hausa, ya koya muku ta Turanci. Shi ma kunya ya ke ji, shi ma yana neman wanda zai fara yi masa magana.

5. Duk maganar da ka ji ba ka gane ba, rubuta ta yadda kunnenka ya ji, da baƙaƙen Hausa, ka kawo aji mu warware tare.

Magana ɗaya a rana, in an cire ranar kasuwa, shida ke nan a mako. Kafin shekara ta kewayo kun haura 300. Wanda ya riƙe magana 300 a bakinsa zai yi ciniki, zai tambayi hanya, zai gaya wa likita abin da ke damun ɗansa ba tare da ya nemi tafinta ba. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

To, jama'a, magariba ta gabato, mu dakata nan. Mako mai zuwa kowa zai tashi ya yi cinikin rago da Turanci a gaban aji, mu ji ko hamsin ce ko goma sha biyar. Allah ya buɗa mana, ya kai kowa gida lafiya. Amin.